CIZON FARCE KAFIN YA ZAMA CIZON YATSA

Yau ba zancen kishiya na kawo muku ba, ba kuma na tsadar lefe ba. Magana ce a kan wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gyaɗa girma ba, amma kuma yana iya hana budurwa miƙa hannu a cikin jama'a, yana iya kai yaro asibiti, kai har aure ma yana iya girgizawa. Ina nufin farce, wanda mu a nan ƙasar Katsina muke ce wa akaifa, wasu kuma su ce ƙumba, da kuma ɗabi'ar nan ta cin sa da haƙori.

Ni 'yar Bugaje ce, a ƙaramar hukumar Jibiya, nan bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar. Sana'ata ƙunshi, kuma gadonta na yi wurin kakata tun zamanin da ake zura hannu cikin zunguru a kwana da shi, har muka zo zamanin salatif da zanen fulawa. Na yi wa amaren garinmu, na yi wa na Jibiya da Magama, an kuma sha ɗaukata a ƙetara da ni Ɗan Issa da Maraɗi idan bikin dangi ya tashi, domin kuwa mu da mutanen can uwa ɗaya uba ɗaya muke. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To, ni dai a sana'ata na gano fuska tana iya shafa hoda ta yi murmushin dole, amma farce ba ya ɓoye komai. Da zarar yarinya ta miƙo mini hannu na ga bakin yatsunta a gwaigwaye, fatar gefe ta yi ja, sai in san akwai abin da ke cin ta a rai, ita kuma take ramawa a kan yatsunta.

BA TAURIN KAI BA NE

Abu na farko da nake son iyaye su gane shi ne, mai cin farce ba da gangan yake yi ba. Sau da yawa bai ma san hannunsa ya kai baki ba sai ya ji zafi ko ya ɗanɗani jini. Likitoci sun ƙiyasta cewa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na mutane suna da wannan ɗabi'a. Takan fara ne tun ana yara, ta yi ƙarfi a shekarun balaga, da yawa su bar ta da kansu idan sun girma, wasu kuwa ta bi su har gidan aure, har su yi furfura da ita.

Abubuwa uku ne suka fi tayar da ita: fargaba, da zaman shiru babu aikin yi, da kuma zurfin tunani, kamar na ɗalibin da ke gaban takardar jarrabawa. A shekarar 2013, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa cin farce mai tsanani a rukunin ɗabi'un da mutum ke ta maimaitawa a jikinsa ba da son ransa ba, dangin tsigar gashi da ɓantarar fata da cizon leɓe. Wato dai ba hauka ba ne, ba shafar aljanu ba ce, ba kuma rashin tarbiyya ba. Hannu ne ya samo wa zuciya hanyar rage nauyi, har abin ya zama sabo, sabo kuwa an ce turken wawa.

Akwai kuma camfin da muka taso muna ji a bakin tsofaffi, wai mai cin akaifa ba ya riƙe arziki. Ni a ganina dabara ce ta mutanen da don su tsorata yara, amma arziki na Allah ne. Abin da addini ya zo da shi a fili yake: yanke farce yana cikin abubuwa biyar na fiɗira da suka zo a hadisin Bukhari da Muslim, kuma Muslim ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa kada a bar shi ya wuce kwana arba'in. To amma yankewa aka ce, ba gatsa ba.

ILLAR DA KE CIKI

Kada mai karatu ta ce, to in ba laifin yaro ba ne sai a ƙyale shi mana. A'a. Ƙarƙashin farce ma'ajiyar dauɗa ce. Hannun da ya karɓi canji a kasuwa, ya taɓa akuya, ya yi wa yaro tsarki, shi ne dai zai koma baki. Ta nan ƙwan tsutsar ciki ke samun hanya, ta nan ƙwayoyin zawo ke shiga. Duk mun tuna shekarar 2021 da cutar amai da gudawa ta kama mutum sama da dubu ɗari a Nijeriya, jihar Katsina kuma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A irin wannan lokaci, yaron da yatsunsa ke baki kullum ya fi kowa zama cikin haɗari.

Sai kuma ɗan karkare. Idan haƙori ya yaga fatar gefen farce, ƙwayoyin cuta na baki su shiga, sai yatsa ya kumbura ya ɗuri ruwa, ya dinga zogi kamar ana buga ganga a ciki. Wadda ta taɓa yi ta san ba a barci. Haƙoran gaba ma suna cinyewa, wani lokaci su ɓantare. Idan shekaru suka yi yawa ana yi, naman da farce ke kwanciya a kansa sai ya janye, yatsa ya koma dungu-dungu. Amma ciwon da ya fi duka, wanda ba a ganinsa, shi ne kunya: budurwa ta dinga cusa hannu cikin hijabi ko da zafi ake kamar wuta, ta ƙi cin abinci a kwano ɗaya da ƙawaye.

ƊIYAR YAYANA

Bari in ba ku labarin da ya koya mini yawancin abin da zan faɗa. Ɗiyar yayana ce, ba zan kama suna ba. Mahaifiyarta ta rasu tana 'yar shekara shida, tun daga lokacin kuma yatsunta suka koma baki. A gidan da ta tashi babu abin da ba a gwada ba. An shafa mata maɗaci, an daka ganyen bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya, an tsoma mata hannu a ciki. An yi duka, an yi gori. Akwai ranar da aka shafa mata barkono, ta manta ta murza ido, ta yini tana ihu. Da yamma ta wanke hannu ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Mahaifinta direba ne, tsakanin Jibiya da Maraɗi yake neman abincinsa. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, wadda ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai a Afrilun 2022, sai ya koma doguwar tafiya zuwa kudu, ya yi mako biyu ko uku ba a gan shi ba. Ga 'yan bindiga sun addabi yankinmu a waɗancan shekaru. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da tamu. Ku dubi yarinyar da ba ta da uwa, uban yana kan hanya, babu halin ta ji muryarsa. A watannin nan ta ci farcenta har ba sauran abin ci, ta koma kan fata.

Cikin haka Allah Ya kawo mata manemi, yaro mai hankali, tela ne a Jibiya. An yi baiko a farkon daminar 2022, aka sa rana bayan kaka. Sai gwaggonsa ta zo ganin yarinya. An tarbe ta da kyau, yarinyar ta durƙusa ta miƙa mata kwanon fura da hannu biyu, tsohuwa kuwa ba furar ta duba ba. Da ta koma gida sai ta ce yarinya ba laifi, sai dai mai cin akaifa ce, kuma duk gidan da irinsu suka shiga ba a tara abin kirki. Magana ba ta da ƙafa amma tana tafiya. Kafin kwana uku ta dawo kunnenmu, yaron kuma ya yi mako biyu bai zo zance ba.

Ran nan bayan isha'i sai ga ta a ɗakina, ta zauna a bakin tabarma ta yi shiru. Na ce, "Ɗiyata, miƙo hannun nan in gani." Ta miƙo tana kuka. Ta ce, "Wallahi Gwaggo ban san lokacin da nike yi ba. Na sha yin rantsuwa na daina, sai in farka da safe in ga na ci cikin dare. Ko dai a ce mashi ya nemi wata?" Na ce, "Haba ɗiyata, a kan akaifa? Abin da ke tsirowa da kansa ko an so ko ba a so? Share hawayenki. Muna da wata biyar, kuma wata biyar ya ishi Allah Ya yi maki sababbi."

Ba faɗa kawai na yi ba don in kwantar mata da hankali. Farcen hannu yana tsiro kimanin milimita 3 a kowane wata, wato kaurin tsinken ashana da ɗan ɗoriya, kuma cikin wata huɗu zuwa shida yake sabunta kansa tun daga tushe har baki.

Washegari na nemi ƙanwar maigidana, wadda ma'aikaciyar jinya ce a Katsina. Ita ta bayyana mini wata hanya da wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, Nathan Azrin da Gregory Nunn, suka fitar a 1973, wadda har yau ita likitoci suka fi dogara da ita. Gindinta uku ne kamar murhu: mutum ya san lokacin da yake yi, ya ba hannun wani aikin da zai hana shi zuwa baki, sannan ya sami wani na kusa mai taya shi. Da na ji haka sai na ce, ai wannan da kayan ɗakinmu ma za a iya. Ga yadda muka yi.

MATAKAN DA MUKA BI

Na ɗaya, sanin lokaci. Mako na farko ban ce ta daina ba sam. Na ba ta ɗan gwangwani da tsabar gurjiya, na ce duk sa'ar da ta kama hannunta a baki ta jefa ɗaya, ta kuma lura da abin da take yi a lokacin. Ranar farko ta jefa sama da talatin. Kafin mako ya ƙare mun gane lokutanta uku ne: idan tana jiran tukunya ta tafasa, idan magariba ta yi babanta bai dawo ba, da kuma in ta kwanta kafin barci ya ɗauke ta. Mun kuma gane cewa kafin hannu ya tashi, sai babban yatsanta ya fara shafa bakin sauran yana neman inda ya yi kaushi. Wannan shafar ita ce sallamar ɓarawo.

Na biyu, ba hannu aiki. Da zarar ta ji shafar nan ta fara, sai ta dunƙule hannun ta matse, ta riƙe kamar minti ɗaya ko fiye, har sha'awar ta wuce, domin kuwa takan wuce. A bakin murhu na ce ta dinga tsince wake ko ɓarar gyaɗa. Da magariba ta riƙe carbi, ga lada ga magani. Da dare kuma ta shafa man kaɗanya ta sa safar hannu ta kwanta.

Na uku, kawar da kaushi. Haƙori tsini yake bi. Duk ranar Juma'a nakan zauna in daidaita mata ɗan abin da ya tsiro, in goge bakinsa ya yi sumul, in yanke 'yan fatun da suka ɗago. Ina jan kunnen masu karatu a nan: kowa ya mallaki abin yankan farcensa. Almakashin da ya zaga kasuwa ya taɓa yatsun mutum hamsin yana iya ɗauko ciwon hanta daga jinin wani ya kawo miki, balle ke da fatarki take a fashe.

Na huɗu, lalle. Wannan kam tawa ce. Bayan raunukan sun warke sai na ƙunsa mata jan lalle na gargajiya a farce goma. Duk mai ƙunshi ta san lallen fata yana goguwa cikin mako biyu ko uku, amma na farce ba ya fita sai dai farcen ya tsiro ya ture shi. Bayan kwana goma sha sai ga wani siririn fari ya ɓullo a gindin kowane farce kamar jinjirin wata. Na ce, "Kin gani? Wannan farin sabo ne, haƙori bai taɓa shi ba. Amanarki ce." Kullum da safe sai ta duba ta ga watanta ya ƙaru. Abin da duka da barkono suka kasa cikin shekara goma sha uku, wannan ɗan farin ya fara yi, saboda a karon farko tana ganin ci gaba da idonta. Sai dai a kula: ban da baƙin lallen kanti a kan fatar da ke da rauni, domin sinadarin rinin gashi da ake sa masa yana sa wasu ƙuraje da kumburi.

Na biyar, mataimaki. Na aika aka kira mini yaron. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, kansa a ƙasa. Na ce, "Ɗana, ita kake so ko akaifarta?" Ya ce, "Ita, Gwaggo. Maganar gida ce ta yi mani yawa." Na ce, "To ka taya ta. In kun zauna zance ka ga hannu ya tashi, kada ka ce komi, kada ka yi dariya, gyaran murya kawai za ka yi." Ranar Lahadi ya shiga kasuwar Jibiya ya sayo mata sabon carbi da abin yankan farce. A wurina wannan kyauta ta fi turmin atamfa.

Kada ku zaci tafiya ta yi ta zama sumul. A wata na biyu an kwana ana jin harbi daga wani ƙauye kusa da mu, gari ya waye ta cinye farce uku. Ta zo tana cewa komai ya lalace. Na ƙirga mata bakwai da suka rage, na sake ƙunsa ukun, muka ɗora. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, aka buga a 2009, ya nuna sabuwar ɗabi'a kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zauna, wasu kwana 18 ya ishe su, wasu sai sun kai 254, kuma kuskuren rana ɗaya ba ya rushe ginin. Sannu ba ta hana zuwa.

Ranar ƙunshin biki, takwas sun cika sun yi kyau, manyan yatsu biyu ne kawai ba su gama kamo 'yan uwansu ba. Na zana mata fulawa har gwiwar hannu. Da aka kai ta, gwaggon ango ta kama hannun ta juya shi gaba da baya, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wa ya yi wannan ƙunshi?" Iyakar abin da ta ce ke nan, mu kuma bai kamata mu nemi fiye da haka daga babba ba. Yanzu tana ɗakinta da goyonta. Takan gaya mini har yau in hankalinta ya tashi hannun yakan so ya tashi, amma ta riga ta san sallamarsa.

MAGANAR ABU MAI ƊACI

Za a tambaye ni, to maɗaci da bedi fa, ba su da amfani ke nan? Suna da shi, amma ga wanda ya yi niyya da kansa, a matsayin tunatarwa, ba horo ba. A kantin magani ma akwai wani ruwa da ake shafawa kamar janfarce, mai ɗauke da sinadarin da ake sayarwa da sunan Bitrex, wanda aka gano a Edinbara ta ƙasar Sikotilan a 1958, kuma ana lissafa shi a matsayin abin da ya fi komai ɗaci. Sai dai gare mu akwai matsala biyu. Yana bushewa ya rufe farce ya hana ruwan alwala shiga, alhali lalle launi ne kawai, ba ya hanawa. Sannan mu da hannu muke tuƙa tuwo mu kwashe, da hannu muke dama fura, kada a je maigida ne zai sha ɗacin. Barkono kuwa, don Allah a bar shi a cikin miya.

GA IYAYE DA MAZAJE

Uwa, idan kin ga ɗanki ya fara, kafin ki ɗaga hannu ki tambayi kanki me ya sauya a rayuwarsa. An yi masa ƙane ne? An kai shi riƙo? Ana dukansa a makaranta? Yana jin faɗanku da babansa? Ko kuwa yana cikin yaranmu da suka taɓa gudu cikin dare? Duka tsoro yake ƙarawa, tsoron kuwa shi ne abincin wannan ɗabi'a. Jawo shi jiki, ki yanke masa da kanki, ki yaba masa ranar da ya ƙoƙarta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da lallashi, in ba haka ba ya karye.

Maigida, kai ma kada ka mayar da yatsun matarka abin ba'a a gaban baƙi ko abokiyar zamanta. In kuma kai ne mai yi, domin mazan ma ba a bar su a baya ba, to matakan nan ba na mata kaɗai ba ne, in ban da lallen.

Idan yatsa ya kumbura ya yi ruwa, ko jan ya fara hawa sama, ko zazzaɓi ya biyo baya, a tafi asibiti, kada a fasa da allura a gida, musamman ga mai ciwon suga. Haka nan idan cin farcen ya haɗu da rashin barci, da firgita, da yawan kuka, a gaya wa likita duka, domin wani lokaci farcen hayaƙi ne kawai, wutar tana ciki.

An ce hali zanen dutse, amma wannan ba hali ba ne, sabo ne, kuma abin da aka saba ana iya sake masa wani sabon. 'Yar uwa, in kina cikin masu ɓoye hannu a hijabi, nemi gwangwaninki da gurjiyarki tun yau, ki nemi wadda kika yarda da ita ta taya ki. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya kwantar da hankalin yaranmu, Ya ba 'yan matanmu mazaje masu haƙuri da tausayi, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.